Wa Ya Saƙa Tafiyar Kaguwa?

Ranar Talata ce. Ndifreke tana fama da 'yan aji huɗu, wayarta kuma tana ta gurnani a cikin jaka. Sai da aka fita tara ta samu ta duba, ta ga kira biyar daga Aniekan, shugaban zaurensu na 'yan Ikot Ekpene a Sarƙa. Ta kira shi.

"Malama, kina zaune ko kina tsaye?"

"Aniekan, faɗi abin da ke bakinka, yara na jirana."

"An yi miki sata. Kuma sai haƙuri, ɓarawon na gida ne."

Sarƙa dai ita ce dandalin nan da rabin matasan garinmu suka tare a kai tun da aikin yi ya zama abin da ya zama. Ka yi rubutu, ka sa hotuna, mutane su jefa maka ƙuri'a, bayan kwana bakwai ƙuri'un su zama sulallan da za ka canza zuwa naira. Ƙuri'ar talaka ba ta sayen ko ashana. Ta manyan kifaye ake farauta, wato masu tarin sulalla a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, waɗanda dannawa ɗaya tasu kan ciyar da gida mako guda. Abin da 'yan Sarƙa ke tinƙaho da shi kuwa biyu ne. Abin da ya shiga ba ya gogewa, ko wanda ya rubuta bai isa ya cire ba. Sannan wanda ya riga sa abu, da ranarsa da mintinsa, shi ne mai shi. Ndifreke ce ma ke koya wa sababbin shiga wannan karatu duk ƙarshen wata, tana kaɗa musu yatsa kamar 'yan ajinta: "Ku yi tunani sau biyu kafin ku danna, Sarƙa ba ta mantuwa."

"Wane na gida?" ta tambaya, alhali ta riga ta san amsar.

"Kawunki. Ete Ibanga."

Sai ta nemi benci ta zauna.

Ete Ibanga yayan mahaifiyarta ne, shi ya riƙe ta tun tana shekara shida. Kowane littafi da ta karanta, kowane takalmin makaranta da ta kashe, daga zaren tukurwa ya fito, domin shekara arba'in ke nan yana saƙa jakunkuna da huluna a layin masaƙa. Yana da wata saƙa tasa shi kaɗai da ya raɗa wa suna tafiyar kaguwa. Adon yakan tafi a karkace, taku biyu gaba, ɗaya baya, ƙullin kuma yana ɓoye ta ciki, shi ya sa masu kwaikwayo suka yi ta sayen jakar suna warwarewa har suka gaji. Ya ƙirƙiro ta ne a shekarar da matarsa Mma Nse ta yi jinyar da ba ta tashi ba. Ita 'yar bakin ruwa ce, kullum tana tsokanarsa wai tafiyarsa irin ta kaguwa ce, ba ya zuwa wa magana kai tsaye. Yana zaune gefen gadonta hannunsa ya yi ta wasa da zare har abin ya fito.

Shekara biyu da suka wuce, lokacin Ndifreke sabuwar shiga ce a Sarƙa, tana ta rubuta abin da ta ci da safe da wanda ta gaisa da shi a hanya, babu mai kula ta, sai aka sa gasa mai suna Aikin Hannuna. Sharaɗin shi ne a ga hannunka a kan aikin, a kuma ga fuskarka kana riƙe da takarda mai sunanka da kwanan wata. Ita kuwa hannunta, ban da alli da jan biro, bai san komai ba.

Ta je rumfar kawun da yamma ta ce tana son hotuna don tarihi. Tsoho ya ji daɗi har ya sake hula. Ta ɗauki aikin tun daga tsaga zare da rini har zuwa jaka, sannan ta ce, "Ete, bari in ɗan riƙe, a ga kamar ni ma na iya." Ya yi dariya har da tari. Shi da kansa ya jera mata yatsu a kan zaren, yana cewa, "Ba haka ba, 'yar boko, ai sai a ce kina fige kaza." Shi ya riƙe wayar ma ya ɗauka. Da ta koma gida ta tura masa hotunan duka a wayarsa, ta rubuta takardar sunanta, ta ɗauki fuskarta da jakar. A ƙasan hotunan ta rubuta cewa ita ta ƙirƙiro wannan ado, ta kuma sa masa suna tafiyar kaguwa.

Ta ci gasar. Wani babban kifi ya jefa mata ƙuri'a, ƙanana suka bi shi kamar yadda suka saba. Daga nan sunanta ya tashi, har aka ba ta aikin tace rubuce-rubucen zaure, ita ce mai kama masu satar fasaha. Kuma ta iya kama su, babu sani babu sabo. In abin ya taso mata a rai takan ce, to wa aka cuta? Tsohon da amfaninsa da waya bai wuce rediyo da tocila ba, me ya haɗa shi da Sarƙa? Ta saya masa tabarau da buhun shinkafa a Kirsimeti, ta ɗauka an yi an gama.

Ashe ba a gama ba. Ranar Asabar ɗin da ta wuce, tana Uyo wajen bikin ƙawarta, Aniekan ya kwashi mutanensa suka je layin masaƙa buɗe wa tsofaffi shafuka, saboda wani babban kifi ya yi alkawarin zai riƙa jefa wa masu sana'ar hannu ƙuri'a. Ta san da shirin, amma ta yi rantsuwa a ranta kawunta ba zai kula su ba. Shi ne na farko a layi. Da aka ce ya kawo hoton aikinsa, sai ya buɗe waɗanda ya fi so a duniya, waɗanda 'yarsa ta ɗauka. Aka ɗora su, aka rubuta abin da ya faɗa da bakinsa, cewa shi ya ƙirƙiro tafiyar kaguwa a gefen gadon matarsa.

Kwana biyu aka yi, wani mai farautar ɓarayin fasaha daga wata ƙasa mai nisa ya gano hotunan. Ya jera su gefe da gefe da nata, ga rana ga minti, nata sun girme nasa da shekara biyu. Ya manna wa tsoho jan tambari na satar fasaha. Baƙaƙen ƙuri'u suka sauko kamar ruwan Yuli, babban kifin kuma ya ce ya janye hannunsa daga masaƙan Ikot Ekpene gaba ɗaya sai an warware maganar.

"Abin mai sauƙi ne," in ji Aniekan. "Kafin Asabar, kafin kwana bakwai su cika, ya riƙe takarda ya ba da haƙuri. Ya ce tsufa ne, bai san doka ba. Ke kuma ki rubuta a ƙasa kin yafe. Shi ke nan, kifi ya dawo, kowa ya ci abinci."

"Aniekan, akwai abin da ya kamata ka sani a kan hotunan nan."

"A'a, a'a, Malama, tsaya nan. Ni ban tambaye ki komai ba, kada ki faɗa mini komai. Ni ma a garin nan aka yanke mini cibiya, ina da ido. Amma Sarƙa ta ce naki ne. In aka ce mai kama ɓarayin zaurenmu ita ce... ke dai kin gane. Ba masaƙa kaɗai ba, dukanmu za a rufe. Mutum ɗari da wani abu. Ki rubuta masa takardar kawai, ai ba ya karanta Turanci."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi yi mata ciwo, saboda ta riga Aniekan tunaninta.

Da ta koma gida ta buɗe tsohon rubutun nata. Ga ta nan tana murmushi da jaka a hannu, ga yatsunta a jere yadda ya jera mata su. Ta danna wajen gyara, ta goge jimlar ƙaryar, sai ta tsaya. Gyara a Sarƙa ba ya kashe na farko, sabo kawai yake ɗorawa a kai, duk mai son gani zai ga abin da aka rubuta da abin da aka sauya da lokacin da aka sauya shi. Ita da kanta ta kama mutum uku ta wannan hanya. Ta mayar da jimlar yadda take, ta kife wayar.

Ranar Laraba ta rubuta gaskiya a bayan littafin darasi, shafi guda cur, ta karanta, ta ga ta yi kyau har ta kusa ba ta hawaye. Sannan ta tuna kuɗin haya, ta tuna yadda ake ce mata Malama a zaure da girmamawa, ta tuna wata yarinya da ta taɓa kamawa da hoton miyar wani, wadda ta yi ta roƙo ita kuma ta ce doka doka ce. Ta yage shafin. A ranar kawun ya kira ta sau biyu, ta zuba wa wayar ido har ta yi shiru.

Ranar Alhamis ta hau acaba da niyyar zuwa wurinsa. A bakin layin masaƙa ta sauka, ta hango shi daga nesa. Yana zaune a rumfarsa shi kaɗai, bencin da tsofaffi ke taruwa su sha bammi su yi gardamar siyasa babu kowa a kai. Masaƙan sun san sarai wa ya ƙirƙiro tafiyar kaguwa, amma abincin da aka nuna musu aka janye ya fi gaskiya zafi a cikinsu, kuma dama akwai masu jin haushin jakar da suka kasa kwaikwaya. Tana tsaye wani mai rumfar takalma ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ete, ashe shekarun nan duk 'yar makaranta ke yi maka aikin? Ka ce mu koma aji huɗu!" Aka kwashe da dariya. Tsoho bai ɗago ba, ya ci gaba da jan zarensa. Ndifreke ta juya ta bi bayan masu sayar da manja ta gudu gida, tana jin kunyar da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Amma kunya ita kaɗai ba ta gyara komai, kuma ba ta koma ba.

Da safiyar Juma'a ta yanke shawara. Ana tashi daga makaranta za ta je ta durƙusa a gabansa, daga nan ta rubuta gaskiya, abin da zai faru ya faru. Har ta ji wani sauƙi a ƙirjinta, ta koyar da darasin farko da fara'a. Irin sauƙin nan ne na wanda ya yi niyya bai riga ya biya komai ba.

Da aka fita tara ta buɗe waya, ta tarar saƙonni sun cika ta, ana ta yaba mata haƙuri. Ta shiga zaure. Hoto ne a sama. Ete Ibanga ne tsaye a gaban shagon Aniekan, ya ɗaura zanensa na zuwa coci, ya sa farar riga da hular da ya saƙa da hannunsa, da tabarau ɗin da ta saya masa. Ya riƙe takarda da hannu biyu daidai ƙirjinsa, yana kallon mai ɗaukar hoto kai tsaye. An rubuta da manyan baƙaƙe: Ni Ibanga Usoro na ɗauki aikin da ba nawa ba. Mai shi ita ce Ndifreke. Ku yafe mini. Ga kwanan wata a ƙasa, yadda doka ta ce.

Babban kifin har ya riga ya jefa wa hoton ƙuri'a, ya rubuta cewa tuba abu ne mai kyau ko da an tsufa.

Ta kira Aniekan. "Wa ya sa ka? Wa ya ce ka je wurinsa?"

"Ni? Shi ya zo da ƙafarsa tun ban buɗe shago ba. Kuma kada ki ce an cuce shi, sai da ya sa na fassara masa kalma bayan kalma, sau biyu. Shi ya ce a ƙara sunanki ma."

"Cire shi. Don Allah, Aniekan, cire hoton nan yanzu."

"Haba Malama. Ke ce fa ke koya mana."

Ba ta nemi izinin kowa ba ta bar makarantar. Ruwa ya fara yayyafi, ɗan acaba ya ce sai ta ƙara kuɗi, ta ce ya tafi kawai. Da ta isa, bencin rumfar ya cika da tsofaffi, an dawo ana hira kamar babu abin da ya faru, mai takalman nan ma yana ciki da kofin bammi. Suna ganin fuskarta suka fara tuna ayyukan da suka bari, ɗaya bayan ɗaya suka zame.

Ete Ibanga ya riga ya cire kayan coci, yana cikin tsohuwar singiletinsa, zare a cinya. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Tashi, za ki ɓata kayan aiki," ya ce. "Kin ci abinci? Akwai sauran miyar afang a kwano."

"Ete, ƙarya na yi."

"Na sani."

"Tun shekara biyu. Na ce ni na..."

"Na ce na sani, Ndi. Tun ranar Litinin suka nuna mini fuskarki da jakata. Ai ni na jera miki yatsun." Ya ja zare ya ƙulla. "Na kira ki shekaranjiya, sau biyu. Ba faɗa zan yi miki ba. So nake in ji daga bakinki, sai mu san yadda za mu yi, ni da ke. Jiya kuma na hango ki a bakin layi, na ce to ga ta nan. Sai na ga bayanki."

Da zaginta ya yi, ko ya ɗaga hannu, da ta sami abin riƙewa.

"Me ya sa ka yi, Ete? Me ya sa ka riƙe takardar?"

"To wa zai riƙe? Mutane sun ƙi zama a bencina. Ke kuma an ce in aka kama ki, aikin ya tafi, sunan ya tafi, har makaranta maganar za ta kai. Ni saura nawa ya rage mini? Na auna, na ga nawa ya fi araha." Hannunsa ya tsaya a kan zaren. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Ranar Asabar na faɗa musu a gefen gadon Nse na yi saƙar nan. Yau na tsaya na ce ba tawa ba ce. Ke nan na ce wa duniya na yi ƙarya da sunan matata."

Nan kukan ya ƙwace mata. Ya bar ta ta yi, bai rarrashe ta ba, bai kuma hana ta ba.

"Zan rubuta gaskiya," ta ce tana share hawaye. "Yanzu, a nan. Zan faɗi komai, su kore ni."

"In kin rubuta, hotona da takardar zai sauka?"

"A'a."

"Jan tambarin fa?"

"Shi ma yana nan. Sai dai a ga nawa a kusa da shi."

"Har bayan na mutu?"

Ta gyaɗa kai.

Ya kalli ruwan da ke zuba daga bakin kwanon rufi. "To ki rubuta," ya ce. "Ba don ni ba, nawa ya riga ya shiga. Saboda Nse za ki rubuta. Ki sa sunanta daidai."

A durƙushen ta rubuta, ba ta tsaya gyara jimla ba. Ta faɗi wanda ya ƙirƙiro tafiyar kaguwa, da inda ya ƙirƙiro ta, da wadda tsokanarta ta haifi sunan, da wanda ya jera yatsun da ke cikin hoto, da kwana ukun da ta yi tana ɓuya. Doka ta ce sai da fuska da takarda, don haka ta yagi bayan kwalin rini ta rubuta sunanta da kwanan wata. Babu mai ɗauka sai shi. Ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da ido yadda ya riƙe ta shekara biyu da suka wuce, amma wannan karon bai yi dariya ba. Ta karanta masa abin da ta rubuta da yarensu, ya gyara mata shekarar rasuwar Mma Nse, sannan ta danna.

Ba a yi minti biyar ba wayar ta fara gurnani, sunan Aniekan a kai. Ete Ibanga ya miƙa hannu ya kife ta a kan benci. Ya jawo ɗan kujera da ƙafa, ya zaro zare huɗu, biyu ja biyu fari, ya ɗora mata a cinya.

"Zauna. Tunda an rubuta a inda ba ya gogewa cewa kin iya, ba za a bar shi haka ba. Taku biyu gaba, ɗaya baya. Ƙullin ta ciki yake."

Ta kama zaren, yatsun suka harɗe tun a ƙullin farko. Ta jira ya kamo hannunta ya jera mata su, ya ce mata 'yar boko mai fige kaza. Bai taɓa ta ba. Daga inda yake zaune ya nuna mata da nasa zaren, a hankali, sau biyu.

"Ete," ta ce, ba ta iya ɗago kai ba, "ka yafe mini?"

"Sun ce abin naku ba ya mantuwa," ya ce. "Ni ina mantuwa, Ndi, ko inda na ajiye tabarau ba na tunawa. Wannan ma zan manta." Ya ja zarensa ya ƙulla. "Amma ba yau ba. Warware, ki sake."